Mutumin Kumasi Mai Kama da Ni

Da sunan Allah, wanda ya fito da mu daga garinmu kuma ya ba mu wurin zama a garin wasu.

Zuwa ga ɗana Sa'idu, daga mahaifinka Garba wanzami, unguwar Nima, Akra.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Kumasi lafiya, kai da akwatinka, ba tayar da ta fashe, ba direban da ya yi gyangyaɗi. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masauki, ya buɗe maka kai a jami'ar da ka samu.

Na cusa takardar nan ƙarƙashin rigarka ta sallah ne don na san halin gidanmu. In na ce zan yi maka maganar da baki, uwarka za ta katse ni tun ban kai tsakiya ba, kai kuma ka yi mini murmushin nan naku na 'yan makaranta, wanda ke nufin tsoho ya fara. To a takarda ba mai katse ni.

Maganar Alhaji Mamman ce, mutumin da kuka shirya kai da uwarka cewa a gidansa za ka sauka. Kun riga kun mai da shi baffanka. Ni ban mai da shi ƙanena ba tukuna, kuma ina so ka san dalili kafin ka tsoma hannu a akushinsa.

Ka san ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Mamman. Tare muka baro ƙasar Gobir muna samari, tare muka yi ƙwadago a gonakin koko. Shi ya ce zai nufi wajen haƙar zinariya, ni na ce zan gangaro bakin teku in riƙe askar ubanmu. Muka rabu a bakin tasha kamar waɗanda za su haɗu bayan sallah. Tun kafin in san uwarka ke nan, kuma daga ranar ban ƙara jin ko tarinsa ba.

Sai ga Isa direba, mai kawo goro daga Kumasi zuwa kasuwar Tudu a nan Akra, ya zo rumfata aski. Kana makaranta ranar, don haka bari in faɗa maka yadda aka yi, ba yadda uwarka ta ƙawata maka ba. Ina tsakiyar aske masa kai ya ce, "Wanzam, na gan ka a Kumasi."

Na ce, "Ni ko Madinar nan ta gefen Akra ban leƙa ba bana."

Ya ce, "To akwai wanda ke yawo da fuskarka a zangon can. Tsawonku ɗaya, hancin nan, tsagar Gobirawa har kunne. Alhaji Mamman sunansa. Ya ce yana da wa da ya ɓace masa, Garba."

Ba zan ɓoye maka ba, sai da na ajiye askar don kada in yanke shi. Amma da na dawo cikin hankalina sai na ce, "Isa, tsakaninka da Allah, wa ya fara ambatar sunan Garba, kai ko shi?"

Ya sosa rabin kan da ban aske ba. Ya ce, "Ai hira ce, Wanzam. Wa zai riƙe wannan?"

Ni na riƙe. Na kuma riƙe cewa a zuwansa na biyu, bayan ya kai labarin cewa ina da ɗa da gwamnati ta ɗauka zuwa jami'a, a nan ne Alhajin ya aiko cewa ɗaki na nan a share. Kuma Isa da bakinsa ya ce mutumin na da 'yan mata a gida da suka isa aure, ba namiji ko ɗaya. Na tambaya me ya hana shi zuwa Nima da kansa, ga mota kullum tana sauka, aka ce ƙafarsa ke kumbura. Da na jera wa uwarka waɗannan, cewa ta yi, "Kai dai ko ruwan randarka sai ka sansana kafin ka sha. Mutum ya ce ɗan'uwanka ne, ga kama kamar an tsaga kara, me kake nema kuma?"

Abin da nake nema, kai ka koya mini sunansa, ko da yake ba ka san ka yi ba.

Ka tuna hutun da ya wuce, da yaran unguwa suka harbo jemage a itatuwan nan na hanyar bariki, ka karɓe shi ka shimfiɗa a kan bencina, wurin da mutane ke zama in yi musu aski? Na yi maka faɗa, kuma har yau ina ganin na yi daidai. Amma ka ja fiffikensa ka ce in duba. Ƙashi ɗaya daga kafaɗa, sai biyu, sai 'yan ƙanana a taru, sai yatsu. Ka miƙa hannuna kusa da shi ka bi da yatsa, ɗaya, biyu, 'yan ƙanana, yatsu. Ka ce ƙafar akuya ta gaba ma haka take. Ka ce fiffiken fara kuwa, duk da tana tashi kamar jemage, ba ƙashi ko ɗaya a ciki, aikin ne kawai ya zo ɗaya. Wai jemage ya fi kusa da akuya da ba ta taɓa barin ƙasa ba fiye da farar da suke shawagi tare. Ka ce malaminku na kiran irin wannan kama homoloji, wato kamar da aka gada daga tushe ɗaya, ban da kamar da aiki ko zama ya kawo.

Ban yarda da kai ba. Washegari na je wajen Ɗantani mahauci a kasuwar Nima na ce ya feɗe mini ƙafar akuya ta gaba har ƙashi. Ya ce, "Wanzam, miya za a yi ko magani?" Na ce ya yi aikinsa. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, na same su yadda ka faɗa, sai dai wasu sun manne da juna, wasu sun yi tsawo. Na dawo gida ban ce maka komai ba, don kada kanka ya kumbura.

Kada ka ɗauka na sallama wa malamin naka. Ni abin da na gani shi ne Mai yi ɗaya ne, tsarinsa ɗaya. Ku kun ce kaka ɗaya ne can baya. Na san inda maganar take son kai mutum, kuma ina sa mata ido. Wannan gardama tana nan tana jiranka in ka dawo hutu. Amma abu ɗaya na ɗauka na sa a aljihu, cewa kama iri biyu ce, kuma ido ba ya raba su in ba an buɗe ciki ba. Da na san haka tun da wuri da ban yi wauta biyu da duk Nima ta san na yi ba.

Ta farko, kana goye aka yi ta. Na je Tudu raka wani, sai na ga mutum zaune kan buhu, da tsagar Gobirawa irin tawa, layi-layi daga gefen baki zuwa kunne. Shekaru ban ga irin fuskar ba. Na gaishe shi da harshen gida ya amsa da harshen gida. Sunansa Bawa. Kafin la'asar na kawo shi ɗakinmu, na ce wa uwarka ɗan'uwa ne. Ta ce, "Ɗan wa?" Na ce ta dubi fuskarsa mana. Ya zauna da mu har damina ta wuce, yana bina gidajen suna yana riƙe mini zabira, yana kallon hannuna.

Wata safiya na tashi ba Bawa ba zabira. Asake, ƙaho, har dutsen washin da na gada, duk ya kwashe. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi shi ne ya shiga unguwar Mamobi yana cewa shi ƙanen Garba wanzami ne, ni na aiko shi. Mutane suka dubi fuskarsa suka dubi zabirata, suka miƙa masa 'ya'yansu kaciya. Yaro ɗaya jini ya ƙi tsayawa sai da aka kai shi asibiti a guje. Allah ya raya shi, amma ubansa ya zo rumfata da mutane, ya tsaya a gaban kowa ya ce, "Kai ka ce ɗan'uwanka ne. Da kunnena na ji ka." Kuma gaskiya ya faɗa. Na daɗe ba a kira ni suna a Mamobi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni ne fa mai yin tsagar. Na fi kowa sanin aska ce ke yin ta, jini bai san da ita ba. Da hannuna na yi wa ɗan wani Bakotokole tsagar Gobirawa don uwarsa ta ce tana burge ta. Yaron nan yau yana yawo da fuskar garinmu, bai san ko ta wace hanya ake zuwa can ba. Saboda haka in ka ga tsaga a fuskar Alhaji Mamman, abin da ta gaya maka kawai shi ne wani wanzami ya taɓa zama a kansa yana jariri.

Tsawo da hanci da tafiya ma kada su ruɗe ka. Je ka kasuwar Agbogbloshie ka dubi 'yan dakon doya. Wani Bafrafre ne, wani Bazabarme, wani Bamoshe, amma duk wuyansu ya yi kauri iri ɗaya, duk tafiyarsu ɗaya, ka ce ɗaki ɗaya aka haife su. Kaya ne ya yi musu haka. Mu ma da muka baro arewa muka tsufa a zango, rana ɗaya ta gasa mu, tuwo ɗaya muka ci, tsufanmu ya zo iri ɗaya. Isa direba kuwa mutum ne da ya taɓa gaishe da wani yana zaton surukinsa ne.

Wauta ta biyu ita ce ta fi ci mini rai, kuma ta farkon ce ta haife ta. Bayan abin Bawa na rantse ba wanda zai ƙara shigo mini da sunan dangi. Sai ga wata mata ta zo rumfata da tallan albasa a ka, gajeruwa, ja, fuska sumul ba tsaga ko ɗaya, Hausarta duk a karye da harshen Dagomba. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, ni Hajara, ɗiyar Ladi." Ladi yayata ce, wadda wani bafatake ya aura ya tafi da ita Yendi, ƙasar Dagomba, tun ina yaro. Ladi doguwa ce baƙa. Na dubi matar nan sama da ƙasa ban ga Ladi ko a farce ba.

Na ce, "Wa ya aiko ki?"

Ta ce, "Ba wanda ya aiko ni. Uwana ya ce in na zo Akra in nemi Garba mai aski."

Na ce, "Masu aski suna da yawa, Garba ma suna da yawa. Ɗauki albasarki."

A gaban masu jiran aski na faɗa, har wani ya yi dariya. Ta ɗauki tirenta ta tafi. Ashe lokacin mijinta ya rasu, tana da ciki, wurin kwana take nema.

Bayan watanni aka kira ni askin suna a wani gida a bayan babban kwatami, ban san gidan wa ba ne. Aka miƙo mini jaririya. Na juya kanta zan fara aski, sai na ga ɗan rami kamar hudar allura a gaban kunnenta na hagu, daidai inda nawa yake, inda naka yake, inda na kakarka Inna yake. Na buɗe hannunta, ga cindo, ɗan yatsa na shida a gefen ƙaramin, hannu biyu. Ni ma da shi aka haife ni, ubanmu ya ɗaure da zare ya faɗi, tabon na nan. Duk da haka na ce a raina cindo ai na cire shi a gidaje da yawa, na Hausawa da na ƙabilar Ga da na kowa. Sai jaririyar ta fashe da kuka, uwar ta miƙo hannu daga bayan labule ta karɓe ta, ta fara yi mata wata 'yar waƙar rarrashi ta shirme, ta wata akuya da ta ci barkono. Inna ce ta ƙirƙire ta a tsakar gidanmu, ba mai yin ta sai mu. Da karyayyar Hausarta take yi, ba ta ma san ma'anar rabin kalmomin ba. Na ɗaga labulen, Hajara ce.

Ka san ta, ita ce Yaya Hajara da ke aiko maka da waake, shinkafa da wake, ranar Juma'a. Ta yarda da uwarka, ta yarda da kai. Amma ka taɓa jin ta ce mini Kawu? Wanzam take ce mini, kamar kowa a titi. Na roƙe ta, na aika mata mutane, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Sunan ne dai bai dawo ba. Duk ranar da ta ce Wanzam sai na ji shi a ƙirji.

Ka ga ke nan, wanda ya yi kama da ni bare ne, wadda ba ta yi kama da ni ba jinina ce. Kuma ka lura da abin da ya tona gaskiyar. Ramin kunne ba ya ji, cindo ba ya riƙe komai, waƙar akuya ba ta ciyar da kowa. Kai ma ka nuna mini irinsu a ƙafar akuya, 'yan ƙananan kofatan nan biyu da ke rataye a baya ba sa taɓa ƙasa, ka ce ragowar yatsu ne da aka gada aka daina aiki da su, kuma irinsu malamai suka fi yarda da su wajen gane dangantaka. Na yi tunani a kai na ga haka yake ga mutane. Macuci yana kwaikwayon abin da ake gani kuma yake da amfani. Ba ya ɓata lokacinsa kan abin banza, don bai ma san yana nan ba.

To ga abin da nake so ka yi. Kada ka sauka gidansa da akwati. Ka fara zuwa makaranta ka karɓi gadonka a can, ko da ɗakin ya cika da sauro. Bayan ka huta ka je gaishe shi kamar yadda ake gaishe da dattijo, da goronka, ka durƙusa. Ka kira shi Alhaji. Kada ka ce Baffa, ko shi ya fara ce maka ɗana. Ba rashin kunya ba ne, suna ne da in ka bayar ba ka iya karɓewa.

In kun yi musafaha ka bar yatsanka ya bi gefen hannunsa, wajen gindin ƙaramin yatsa. Mamman yana da tabon, hannu biyu. Ka zauna ta hagunsa ka dubi gaban kunnen. Kada ka ƙura masa ido kamar ɗan sanda, na san ka da zaƙewa in kana binciken abu. Kuma ko ka ga ɗaya kada ka yi tsalle, kai da bakinka ka ce alama ɗaya ba ta isa ba, sai an ga da yawa, kowace a mazauninta.

Babban abu kuwa, ka riƙe bakinka. Kai mutum ne mai son a san ka sani, a wajen uwarka ka gado. Kada ka ambaci sunan garinmu, ko sunan ubanmu, ko Ladi, ko Inna. Duk abin da ka faɗa yau, gobe zai dawo maka da shi kamar nasa, kai kuma ka yi murna. Abin da ya faru da Isa ke nan. Bar shi ya yi ta zuba. In ya kawo manyan abubuwa, sunan sarki, sunan kasuwa, kowane Bagobiri ya san su. Ka jira ƙananan. In akwai jariri a gidan ka saurari abin da ake rera masa. In 'yan matan suka yi ta kawo maka ruwa ba ka ce kana jin ƙishi ba, ka sha ka gode ka dubi ƙasa. In ya ce ka duba masa wata takarda ta Turanci ka sa hannu a madadinsa, ka ce malamanku sun hana.

In ka ga ba shi ba ne, kada ka wulaƙanta shi. Wataƙila ba macuci ba ne, wataƙila shi ma wani Garban ya ɓace masa, yana ta neman inda zai ajiye zuciyarsa. Ka yi masa sallama ta mutunci ka koma makaranta. Na kori mutum sau ɗaya a gaban jama'a, ya ishe mu a gidan nan.

Na san tambayar da ke bakinka, uwarka ta riga ka yi: me ya hana ni shiga motar Isa in je in gani da idona? Na ce mata gwiwa, na ce mata masu aski. Ƙarya ce. Tsoro nake ji. Idona ya riga ya so ya zama shi ne, kuma idon da ya so abu ba ya gani. In na je na ga tsohon nan da fuskata, zan rungume shi kafin in duba komai, in faɗa masa abin da ke bakina. Kai ba ka taɓa ganin Mamman ba, ba ka kewarsa, shi ya sa na aike ka.

Abin da ke bakin nawa kuwa ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarka. Lokacin da na je gida kana rarrafe, na tarar da Inna a kwance, ciwon da ba ta tashi ba. Mamman ya fito ne ba da izininta ba, ta ce kada ya bi ni, ya tsallake katanga ya bi ni, kuma ta yi masa baki a gaban mutane ranar. Yana sane, don a gonar koko ya sha faɗa mini cewa ba zai ga daidai ba. Da ta ga ƙarshe ya zo, ta kama hannuna ta ce, "In ka ga ƙanenka ka ce na janye. Na yafe masa duniya da lahira. Ka faɗa masa a kunnensa, kada ka ba wani ya kai." Washegari ta cika.

Wannan saƙo sau ɗaya ake bayar da shi, Sa'idu. In na zuba shi a kunnen baƙo, ya yi kuka, na yi kuka, to na sauke ke nan, zan daina nema, Mamman na gaskiya kuwa yana can wani wuri yana tsufa da bakin uwa a kansa. Shi ya sa nake sansana ruwan.

In ka duba ka tabbata shi ne, kada ka gaya masa komai, ko rasuwar. Bai sani ba. Ka aiko mini ta hannun Isa cewa in zo, kalma ɗaya ta isa. Zan rufe rumfa ko ranar kasuwa ce.

Uwarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya kiyaye ka fita da shiga, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ba ka ido mai gani da baki mai nauyi. Allah ya sa karatun nan ya amfane ka ya amfane mu, ya dawo mana da kai lafiya. Kada ka bar salla.

Mahaifinka,
Garba wanzami